Uƙba bin Nafi'u: kakan Fulani ne, waliyyi ne, ko mayaƙi mai zafin hannu?

Bello Gwandu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun ina yaro kakana ke gaya mana cewa mu Fulani jikokin Uƙba bin Nafi'u ne, sahabin Manzon Allah da ya kawo Musulunci Afirka. Ni dai haka na tashi na riƙe. To daren jiya na ci karo da wani bidiyo, wani mutumin Aljeriya yana ta zazzaga wa Uƙba baƙaƙen maganganu, wai ɗan mamaya ne, wai ya wulaƙanta kakanninsu. Abin ya tsaya mini a rai har na kasa barci da wuri. Don Allah masu ilimi a cikinmu, wane ne wannan bawan Allah a gaskiya?

Abba K.:
Wa alaikumus salam. Malam Bello rabu da su. Duk wanda ya zagi sahabi ai ya riga ya nuna kansa. Share bidiyon kawai ka yi istigfari don ka kalla.

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Abba ɗana, a yi a hankali. Kishin da ka nuna mai kyau ne, amma a fara gyara tushe. Uƙba bin Nafi'u Baƙuraishe ne daga Banu Fihr, an haife shi a zamanin Annabi (SAW), kusa da lokacin hijira. Wato lokacin da Annabi ya yi wafati shekarunsa ba su wuce goma sha ɗaya ko makamancin haka ba. Malaman da suka rubuta tarihin sahabbai, irin su Ibn Abdil Barr, sun ce an haife shi a zamanin Manzo amma sahabantakarsa ba ta inganta ba. Don haka mafi yawa a cikin tabi'ai suke lissafa shi. Akwai wani Uƙba daban, bin Amir Aljuhani, wannan sahabi ne ba ja, ya ruwaito hadisai, ya yi gwamnan Masar a zamanin Mu'awiya, kabarinsa yana Alƙahira. Mutanenmu suna yawan cakuɗa su biyun.

Abba K.:
Allah gafarta Malam, wallahi ban san su biyu ne ba. Amma ko tabi'i ne ai bai kamata a zage shi ba.

Malam Habibu:
Zagi bai kamata ba ko ga wanda bai kai shi ba. Amma faɗin abin da mutum ya aikata ba zagi ba ne. Waɗanda suka rubuta mana aibinsa su ne dai waɗanda suka rubuta mana karamarsa, kuma malaman Musulunci ne, ba Turawa ba.

Zainab A.:
Allah ya saka da alheri Baba Malam. Bari in jero wa Yaya Bello abin a taƙaice don ya san inda aka dosa. Uƙba ɗan'uwan Amr bin Al'as ne ta wajen uwa, kuma a ƙarƙashinsa ya fara yaƙi tun yana matashi, lokacin cin Masar da Barƙa, wajen 642. A 670 Mu'awiya ya ba shi Ifriƙiya, wato yankin Tunisiya ta yau, ya kafa garin Ƙairawan. A 675 aka tuɓe shi. A 682 Yazidu ya mayar da shi, ya yi doguwar tafiyar nan ta yamma da ake cewa ya kai bakin Tekun Atlantika. A kan hanyar dawowa, 683, aka kashe shi a Tahuda, kusa da Biskra a Aljeriya. Ka ga duka mulkinsa biyu in an haɗa bai fi shekara shida zuwa bakwai ba. Sunan da ya bari ya fi shekarun mulkin nasa nesa ba kusa ba.

Modu Yerwa:
To ni tambayata ɗaya ce. A duk wannan kai-komo, yaushe ya samu sararin zuwa ya auri Bafulatana har ta haifo kakan Bello? Ko a kan doki aka ɗaura auren?

Bello Gwandu:
Ka ji Babarbare. Bawa ba ya tsoma baki in iyayen gidansa suna maganar asali. Ku da kuka ce daga Yaman kuka zo, jikokin Saifu bin Zi Yazan, wa ya tambaye ku takardar shaida?

Modu Yerwa:
Mu sarauta muka zo da ita, ku kuwa sanda da ƙwarya. Ci gaba Malama Zainab, kar ki kula shi.

Usman Mai Wurno:
Salamu alaikum daga Sudan. Akwai wani yanki na tarihinsa da ba a cika faɗa a can gida ba, mu nan kuwa yara a makaranta sun san shi. Kafin duk wannan, Amr ya tura Uƙba da mahaya zuwa ƙasar Nuba, kudu da Masar. Ba su ji da daɗi ba. Maharban Nuba sun ƙware da baka har suna auna ƙwayar ido, Larabawa da yawa suka koma da ido ɗaya, shi ya sa suka laƙaba musu suna masu harbin ido. Ba a ci Nuba da yaƙi ba. Bayan shekara goma, a 652, Abdullahi bin Sa'ad bin Abi Sarh ya sake gwadawa a Dongola, aka ƙare da yarjejeniyar da ake kira Baƙt, wadda ta yi ɗaruruwan shekaru tana aiki. Na kawo wannan ne saboda mu kan ba da labarin mutanen nan kamar ba su taɓa komawa gida hannu rabbana ba.

Alhaji Ilya Agadas:
Ni ba malami ba ne, direba ne, na yi shekaru ina bin hanyar Agadas zuwa Dirku da Bilma. Abin da na sha ji shi ne Uƙba ya iso har Kawar, nan cikin Nijar. Gaskiya ne ko labarin bakin wuta ne irin na 'yan ayari? Don ni na san hanyar nan. Ko da mota mai ƙarfi da jarkokin ruwa, Tenere ba wasa ba ce. In daga arewa ka biyo, ta Libiya, ita ma ba sauƙi.

Zainab A.:
Alhaji, wannan tambayar ita ce ta fi ba ni sha'awa a duk tarihin mutumin. Labarin yana rubuce, ba na bakin wuta ba ne kawai. Ibn Abdil Hakam, malamin Masar da ya rasu a 871, shi ya kawo shi a littafinsa na cin Masar da Magrib. Ya ce a shekara ta 46 bayan hijira, wato wajen 666, Uƙba ya bar babbar rundunarsa kusa da Sirt, ya zaɓi mahaya 400 da raƙuma 400 da salkunan ruwa 800, ya nausa kudu. Ya fara da Waddan, waɗanda suka warware alkawarin da suka yi a baya. Ya kama sarkinsu ya yanke masa kunne, ya ce don duk lokacin da ya shafa wurin ya tuna kada ya yaƙi Larabawa. Ya karɓi bayi 360. Ya wuce Jarma, babban garin Fazzan, ya sa sarkinta ya tako da ƙafa zuwa wurinsa har ya iso yana tofar da jini, nan ma bayi 360. Daga nan ya tambaya ko akwai wasu a gaba, aka ce akwai mutanen Khawar, wata ganuwa a kan dutse, babban garin ƙasar Kawar. Ya yi tafiyar kwana 15, ya kewaye ta wata guda bai iya cin ta ba. Sai ya bi sauran garuruwan Kawar ɗaya bayan ɗaya, a na ƙarshe ya kama sarki ya yanke masa yatsa, ya ɗora masa bayi 360. Ya sake tambaya ko akwai wasu a gaba, ɗan jagora ya ce iyakar saninsa ke nan. Sai ya juya.

A hanyar komawa ya wuce Khawar kamar ba ruwansa da su, ya yi tafiyar kwana uku har suka saki jiki suka buɗe ƙofofi. A nan ne ƙishirwa ta kusa hallaka rundunar, ya yi salla raka'a biyu ya roƙi Allah, dokinsa ya tona ƙasa da kofato ruwa ya ɓullo, aka sa wa wurin suna Ma'ul Faras, ruwan doki. Da suka sha suka ƙoshi sai ya juyo ta wata hanya, ya faɗa wa Khawar da dare, ya kashe mayaƙanta, ya kwashe yara da dukiya. Duka tafiyar wata biyar.

Alhaji Ilya Agadas:
Ikon Allah. To ni dai a cikin labarin nan abin da na fi yarda da shi shi ne salka 800 da ɗan jagoran da ya ce bai san gaba ba. Wanda ya faɗi wannan ya san hamada. Daga Bilma in ka yi kudu sai tudun rairayi, ba kowane jagora ke shiga ba.

Abba K.:
Malama Zainab, yanke kunne da yatsa? Anya ba 'yan Shi'a ko Turawa suka cusa wannan ba? Musulunci ya hana musla, wato yanke gaɓoɓin mutum, ai.

Zainab A.:
Abba, Ibn Abdil Hakam ɗan gidan malaman Malikiyya ne na Masar, mahaifinsa almajirin Imam Malik ne. Ba wanda ya cusa masa. Kuma abin da zai ba ka mamaki, shi ba a matsayin aibi ya kawo labarin ba, a matsayin jarumta ya kawo shi. Amma ina da shakka ta wani gefen daban. Duba adadin nan, 360, 360, 360. Gari uku, sarki uku, kowanne an hukunta shi a jiki, kowanne an faɗa masa kusan magana iri ɗaya. Wannan zubin tatsuniya ne, irin yadda mai ba da labari ke jera abu uku don ya zauna a kai. Sannan tsakanin faruwar abin da rubuta shi akwai shekara kusan 200.

Usman Mai Wurno:
Kin tuna mini. A yarjejeniyar Baƙt ma bayi 360 ne Nuba za su riƙa bayarwa duk shekara. Kamar dai adadin ya zama abin da marubutan Masar ke ɗauka su liƙa duk inda aka yi maganar haraji daga kudu.

Malam Habibu:
To ku lura da kyau, ku masu boko. In kun ce zubin labarin ya sa ku shakkar 360, to ku yi shakkar yankan kunnen ma, ku yi shakkar ruwan dokin ma, tunda baki ɗaya ne ya faɗe su. Abin da ba na so shi ne mutum ya ɗauki abin da ya yi masa daɗi ya ce tarihi, ya jefar da wanda bai yi masa ba ya ce ƙage. Abba yana son karamar ba ya son yankan. Mutumin bidiyon Bello yana son yankan ba ya son karamar. Duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Zainab A.:
Na karɓa Baba Malam. Ni abin da nake ganin ya tabbata shi ne an kai farmaki cikin Fazzan, kuma a zamanin Ibn Abdil Hakam mutanen Masar sun san Kawar, sun san hanyarta, sun san bayi ake fitowa da su ta nan zuwa Zawila, wani gari a Fazzan. Ko ƙafar Uƙba ta taka Kawar ko ba ta taka ba, labarin bai ce ya bar malami ko masallaci ko alƙali a can ba. Ya zo, ya karɓa, ya koma.

Modu Yerwa:
Nan kam zan ajiye wasa. A wajenmu ana yawan cewa Musulunci ya shigo Kanem tun 666 ta hannun Uƙba, har a taruka ana faɗa da alfahari. Amma sarkin Kanem da aka san daular ta tsaya a kan Musulunci a zamaninsa shi ne Mai Hume, a ƙarshen ƙarni na 11. Shekara 400 ke nan tsakani. Abin da ya cike wannan tazarar fatake ne da malaman da ke bin ayari ta Zawila da Kawar, ba mahaya 400 da suka yi wata biyar suka tafi ba. Ina son garinmu, amma gaskiya ɗaya ce.

Bello Gwandu:
Yau ga Babarbare ya faɗi gaskiya, a rubuta ranar. To amma ku dawo kan tambayata. Me ya haɗa shi da mutanen Aljeriya har suke jin haushinsa bayan shekara dubu da ɗari uku?

Mansur (Biskra):
Yaya Bello, ni ɗalibi ne a nan Biskra, daga Damagaram na zo. Kabarin nasa yana wani gari da ake kira Sidi Uƙba, tafiyar ƙasa da rabin awa daga inda nake zaune. Na je sau uku. Masallaci ne tsoho, ginin ƙasa da itacen dabino, da wata tsohuwar ƙofar katako mai sassaƙa, an kuma gina sabon babban masallaci da makarantar Alƙur'ani a gefensa. Mutane suna zuwa ziyara da iyalansu, suna sa wa 'ya'yansu suna Uƙba. Kada ka ɗauka duk Aljeriya haushinsa suke ji. Amma a ajinmu akwai 'yan Shawiya daga duwatsun Auras da 'yan Kabil, wasunsu in ka ce Uƙba sai su ce maka Aksel, wato Kusaila, shugaban da ya jagoranci kashe shi. Kuma yawancinsu Musulmi ne masu salla, tare muke sahu. Rigimar tasu ba da addini ba ce, da yadda aka rubuta tarihin ne, Balarabe jarumi, Babarbare maci amana.

Modu Yerwa:
A gyara, Barbar na Magrib ake nufi ba mu Barebari ba, kafin Bello ya samu abin faɗa.

Mansur (Biskra):
Hhh afuwan Yaya Modu, Barbar nake nufi, su kuma sun fi son a ce musu Amazig.

Malam Habibu:
Labarin Kusaila shi ne inda ni kaina nake jin nauyi in na zo karantar da shi. Ga yadda yake. Lokacin da gwamnan Masar Maslama bin Mukhallad ya tuɓe Uƙba, ya naɗa wani bararren bawa mai suna Abul Muhajir Dinar. Shi Abul Muhajir bai kyauta ba wajen karɓar mulki, ya kama Uƙba ya sa masa mari, ya kuma ƙaurace wa Ƙairawan ya yi nasa sansanin. Sai da umarni ya zo daga Sham aka sake shi. Amma a wajen mu'amala da mutanen ƙasa, Abul Muhajir ya fi shi dabara. Ya yi yaƙi da Kusaila, shugaban ƙabilar Auraba, a wajen Tilimsan, ya rinjaye shi, sannan maimakon ya wulaƙanta shi sai ya jawo shi jiki. Kusaila ya musulunta, jama'arsa suka biyo shi.

Da Uƙba ya dawo mulki, abin da aka yi masa yana nan a ransa. Ya kama Abul Muhajir ya sa masa mari shi ma, ya riƙa yawo da shi a cikin runduna duk inda za shi. Kusaila kuwa laifinsa shi ne abokin Abul Muhajir ne. Wata rana aka kawo tumaki, Uƙba ya umarci Kusaila ya tashi ya yi fiɗa tare da masu fiɗa. Kusaila ya ce ga yarana nan za su yi, Uƙba ya ce shi dai zai yi. Ya tashi ya yi, yana fiɗa yana shafa jinin a gemunsa. Larabawa suna wucewa suna yi masa dariya, suna tambayarsa me yake yi, yana cewa maganin gashi ne. Wani dattijo a cikinsu ya ce ba maganin gashi ba ne, alwashi yake ɗaukar muku. Abul Muhajir, yana cikin marinsa, ya yi wa Uƙba nasiha, ya tuna masa yadda Annabi (SAW) ya riƙa lallashin zukatan manyan Larabawa irin su Aƙra'u bin Habis da Uyaina bin Hisn, ya ce kai kuma ka samu mutum mai ƙarfi a cikin jama'arsa, sabon shiga Musulunci, a ƙasarsa, kana ƙasƙanta shi. Uƙba bai saurara ba.

Ku da kuka san sarauta a ƙasar nan, ku ɗauka a ce an tsayar da hakimi gaban talakawansa an miƙa masa wuƙa an ce ya feɗe akuya. Ko bai ce komai ba ai kun san magana ba ta ƙare ba.

Hajiya Rabi:
Ina ta karantawa ban sa baki ba. Malam, ni a duk labarin nan Abul Muhajir ne ya kama mini zuciya, kuma ban taɓa jin sunansa ba sai yau. Me ya sa ba a sa wa yara sunansa, ba a sa wa makarantu?

Zainab A.:
Hajiya, ni a ganina dalili biyu ne. Na ɗaya shi maula ne, wato bararren bawa, ba shi da dangi masu ƙarfi. Uƙba kuwa zuriyarsa, Fihirawa, sun yi ta riƙe manyan muƙamai bayansa. Jikansa Habib bin Abi Ubaida babban kwamanda ne, ɗan Habib ɗin, Abdurrahman, ya mulki Ifriƙiya, sannan Yusuf Alfihri shi ne gwamnan Andalus na ƙarshe kafin Abdurrahman na Banu Umayya ya karɓe ta a 756. Gidan da ke da mulki shi ake rubuta wa tarihin kaka. Na biyu, lallashi ba ya yin labari mai daɗin ji. Amma mutum ya kutsa da doki cikin teku har ruwa ya kai ƙirjin dokin, ya ɗaga kai ya ce ya Ubangiji ba don tekun nan ba da na ci gaba da tafiya don ɗaukaka addininka, wannan ko yaro ya ji sau ɗaya ba zai manta ba.

Abba K.:
To shi ma wannan ɗin za ku ce tatsuniya ce? Ku bar mana wani abu mana.

Zainab A.:
Ban ce ba Abba. Masana sun yi saɓani. Akwai Bafaranshe Brunschvig da ya yi shakkar ko ya wuce tsakiyar Aljeriya, akwai kuma Lévi-Provençal da ya fito da wani tsohon rubutun Maroko mai lissafa wuraren da ya bi dalla-dalla. Ni na fi karkata ga cewa ya je. Abin da nake cewa shi ne tafiyar ba ta kafa komai ba. Ya ratsa ƙasa mai faɗin gaske bai bar sansani ko ɗaya a bayansa ba, ga Rumawa har yanzu suna riƙe da Kartaj da garuruwan gaɓa, ga Kusaila ya sulale ya koma cikin mutanensa.

Malam Habibu:
Ƙarshen kuwa ku ji shi, don a yi wa mutumin adalci. Da suka iso Tubna a hanyar dawowa, ya sallami mafi yawan runduna suka yi gaba zuwa Ƙairawan, ya rage da mutum wajen 300. A Tahuda Kusaila ya tare shi da jama'a mai yawa, tare da Rumawa. Da Uƙba ya ga abin da ke gabansa, ya sa aka kwance Abul Muhajir, ya ce masa ya tafi ya kula da al'amarin Musulmi, shi zai tsaya ya nemi shahada. Abul Muhajir ya ce shi ma shahadar yake so. Suka karya kuben takubbansu, suka sauka daga dawaki, suka yi yaƙi har aka kashe su gaba ɗaya. Mutum biyu da kowanne ya taɓa ɗaure ɗan'uwansa, ga su kwance a fili ɗaya. Duk shekara in na zo nan a karatu sai na ɗan yi shiru. Allah ya jiƙansu.

Hajiya Rabi:
Amin ya Allah. Wallahi har na yi ƙwalla.

Mansur (Biskra):
Abin da abokaina na nan ke ƙarawa shi ne, da Kusaila ya shiga Ƙairawan bayan Zuhair bin Ƙais, wanda Uƙba ya bar wa garin, ya janye zuwa Barƙa, bai taɓa Musulmin da suka rage a garin ba, ya ba su aminci, ya yi mulki kusan shekara biyar. Wannan ma a littattafan Larabawa yake. Ba a samu damar turo runduna da wuri ba saboda Yazidu ya rasu a 683 ɗin, fitina ta ɓarke tsakanin Banu Umayya da Ibn Zubair. Sai a zamanin Abdulmalik, wajen 688, Zuhair ya dawo ya kashe Kusaila a Mams. Bayan nan ma sai da Hassan bin Nu'uman, kwamandan da aka turo daga baya, ya sha fama da Kahina, sarauniyar Barbar. Kartaj ba ta faɗi gaba ɗaya ba sai 698.

Bello Gwandu:
To yanzu ni ina matsayina? In koma in ce wa tsoho ba haka ba ne?

Malam Habibu:
Kul, kada ka je ka tayar wa dattijo da hankali. Ba shi ya ƙirƙira ba. Maganar tana cikin rubuce-rubucen malaman Sakkwato, cewa Toronkawa sun fito daga wani Uƙba da ya auri 'yar sarki mai suna Bajjo Mango, ta haifa masa 'ya'ya huɗu, su ne suka fara magana da harshen da iyayensu ba su sani ba. Amma ko a cikin ruwayoyin ba a daidaita kan wane Uƙba ba ne, wani ya ce bin Nafi'u, wani bin Amir, wani bin Yasir. Kuma ba ku kaɗai ba ne. Kuntawa, gidan Shaihu Mukhtar Alkunti babban shehin Ƙadiriyya, su ma ga Uƙba bin Nafi'u suke kai nasabarsu.

Zainab A.:
Ta fuskar harshe kuwa Yaya Bello, Fulatanci ɗan'uwan Serer ne da Wolof na Senegal, ba shi da dangantakar asali da Larabci. Kuma ba wata ruwaya ta farko da ta kai Uƙba Futa Toro. Amma kusan kowace al'ummar Musulmi a yankin nan ta nemi igiyar da za ta ɗaura kanta da gabas. Mu Hausawa muna da Bayajidda daga Bagadaza, su Yaya Modu suna da Yaman. Ni ina karanta irin wannan a matsayin shaidar yadda mutane suka so addinin har suka so a ce jininsu ma daga can yake.

Malam Habibu:
Bello, in gadon Uƙba kake nema, tambaya zan yi maka. Ka karanta Risala?

Bello Gwandu:
Na karanta Allah gafarta Malam, bayan Ahalari da Ishmawi da Iziyya. A zauren wani malami a unguwarmu, da asuba, ina gyangyaɗi.

Malam Habibu:
To wa ya rubuta ta? Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996. Alƙairawani, mutumin Ƙairawan, garin da Uƙba ya sari dajinsa a 670. Ya zaɓi wurin nesa da teku don jiragen Rumawa kada su yi musu dirar mikiya, kusa da makiyaya don raƙuma. Sunan ma ma'anarsa zango ne, wurin saukar ayari. Ana cewa kurmi ne mai macizai da namun daji, ya tsaya ya yi kira su fita, aka ga suna fita ɗauke da 'ya'yansu. Wannan ku ɗauka ko ku bari. Abin da ba a musu a kai shi ne a garin nan Sahnun, wanda ya rasu a 854, ya tattara Mudawwana, babban littafin fiƙihun Malikiyya, daga nan mazhabar Malik ta kafu a Magrib, ta biyo ayari ta tsallako hamada. Yadda kake alwala, yadda aka ɗaura auren iyayenka, yadda za a raba gadonka, da yawansa ta garin nan ya biyo. Yatsan sarkin Kawar bai musuluntar da kowa ba. Zangon da ya kafa shi ne ya iso har zauren unguwarku kana gyangyaɗi.

Alhaji Ilya Agadas:
Malam ya gama magana. Amma ni har yanzu Ma'ul Faras ɗin nan ke raina. In na sake hawa hanyar Dirku zan tambayi tsofaffin Tubawa da Barebarin can ko akwai rijiyar da suke dangantawa da doki.

Abba K.:
Ni dai har yanzu ban gamsu a ce mutumin da ya yi shahada a riƙa lissafa kurakuransa a fili ba. Amma zan nemi labarin Abul Muhajir in karanta da kaina. Malama Zainab, in akwai inda zan same shi da Larabci mai sauƙi ki turo mini ta akwati.

Zainab A.:
Zan turo in sha Allah, bayan la'asar.

Modu Yerwa:
Bello, tunda an rasa wane Uƙba ne a cikin ukun, ka zo Yerwa mu ba ka aron kaka ɗaya. Muna da su da yawa, sai dai za ka riƙa kawo nono duk Juma'a.

Bello Gwandu:
Allah ya kiyashe ni da kakan aro daga hannun bawana. Mansur, in ka sake zuwa Sidi Uƙba ka ɗauko mini hoton ƙofar nan da kabarin, zan kai wa tsoho ya gani. Kuma ka tambaya mini ko an san inda Abul Muhajir yake kwance a wurin.

Mansur (Biskra):
To Yaya. Muna da jarrabawa wannan makon, sai Juma'a ta sama in Allah ya kai mu.